Ƙyalle a Jijiyar Kawu

A gidanmu ni ne Bature. Duk wanda takardar banki ta rikita shi, wajena yake kawowa, saboda ina koyar da Turanci a wata firamare. Don haka ranar da ƙafar Kawu ta kumbura suntum, bayan ya kwana ya wuni a zaune cikin mota daga Legas, ba a ma yi shawara ba. Ni zan raka shi asibiti in yi tafinta.

Likitan da muka tarar ɗan bautar ƙasa ne, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba. Ya latsa sharaɓar Kawu, ya tura mu ɗaukar hoto, da muka dawo ya duba takardar ya ce akwai "clot" a jijiyar ƙafar.

Ni kuwa "cloth" kunnena ya ji. A bakinmu ai duk "kulot" ne, wannan sautin da ake cusa harshe tsakanin haƙora ba mu gaje shi ba. Na gyara zaman hula, na yi gyaran murya.

"Kawu, ya ce akwai ƙyalle a jijiyarka."

Kawu ya saki salati. "Ƙyalle? Wane iri?"

"Bai faɗi iri ba."

"Ai na sani! Jifa ne. Tun da na karɓi rumfar nan ta bakin titi na san ba za a bar ni ba." Nan take ya shiga lissafa maƙwabtansa na kasuwa da yatsu, har da wani bawan Allah da ya rasu bara. Likita ya ga tsoho yana ta bayani da zafi, ya ɗauka tarihin ciwon yake bayarwa, sai gyaɗa kai yake yi. Kawu ya nuna shi ya ce, "Ka gani ko? Shi ma ya yarda."

Wata sista dattijuwa da ke jera allurai a gefe ce ta kasa daurewa. "Baba, gudan jini ne. Dogon zama ya sa jini ya daskare a jijiya, ba wanda ya jefe ka." Sannan ta leƙo ni ta saman tabarau. "Malam, a ina ka ce kana koyarwa?"

Na ce mata can nesa ne.

Daga nan ita ta karɓi aikina. Gudan da ya tsaya inda ya haɗu, in ji ta, shi likitoci ke kira "thrombus". In ya ɓalle ya bi jini ya zama "embolus", kuma shi ake gudu, don yana iya zuwa ya toshe jijiyar huhu. Aka ce za a fara da allura, a bi da ƙwayar warfarin, a riƙa dawowa gwajin jini.

Da na yi shiru da an rabu lafiya. Amma ina neman in wanke kaina, sai na zaro waya na bincika sunan maganin. Bakina ya riga hankalina.

"Kawu, ashe asalinsa maganin ɓera ne."

Ban taɓa ganin mai kumburin ƙafa ya miƙe da sauri haka ba. Na riƙo babbar rigarsa ina karanto sauran: a 1948 aka fara sayar da shi don ɓeraye, amma tun 1954 aka amince mutane su sha daidai awo, har shugaban Amurka Eisenhower an ba shi a 1955.

"Ya tashi?"

"Ya tashi, har ya sake cin zaɓe."

Wannan ne kawai ya zaunar da shi. Sista ta ƙara da cewa kada ya yi wa kwaɗon zogale da miyar alayyahu cin ramuwa, yau tuli gobe babu, don bitamin K da ke cikin ganye yana rage ƙarfin maganin.

Da dare na ɗauko ƙamus, na kaɗe ƙura. Ashe inda mu muke cewa "daskare" mu huta, Bature sai ya rarraba. "Coagulate" ita ce ta asibiti, mai sanye da kwat. "Congeal" ta man miyar da ta kwana ce a tukunya lokacin hunturu. "Curdle" ta madara ce, abin da ke faruwa in mai awara ta zuba ruwan tsami. Jini kuwa, a maganar yau da kullum, "clot" yake yi.

Ina shirin rufewa idona ya faɗa kan ma'ana ta ƙarshe a ƙarƙashin "clot", da ƙananan baƙi: a Ingila, haka ake kiran wawa. Na waiga, ba kowa a ɗakin. Daga tsakar gida na jiyo Kawu yana ce wa yara su kira masa Malam Ƙyalle ya zo ya karanta masa takardar magani.