Haɗin kan da aka bar direba da masinja a waje

Na ga hotunan taron ma'aikata da aka sa a shafukan sada zumunta, na ga masu ta zuba "Masha Allah" a ƙarƙashinsu, ni kuwa raina ne ya ɓaci. An ɗinka wa ma'aikatan wani ofis na nan Zariya riguna iri ɗaya, an kwashe su zuwa otal a Kaduna wai horon haɗin kai da fahimtar juna. Ana ta jan igiya, ana tsere a cikin buhu, ana tafi. Direbobin da suka kai su kuwa suna zaune a gindin bishiya a bakin ƙofa. Masinja yana ta jigilar katan-katan na ruwa. Masu shara da Baba mai gadi ko labarin tafiyar ba a ba su ba. Wannan shan iska ne na manya da kuɗin ofis, kada wanda ya ƙara ce mini haɗin kai ne.

Ina matsalar rashin fahimtar juna take a ofisoshinmu? Tsakanin darakta da mataimakinsa? Waɗannan kullum suna tare, shayinsu ɗaya, sahunsu ɗaya a masallaci. Inda magana take maƙalewa shi ne tsakanin na ƙasa da na sama. Ku dubi masinja idan ya shiga ofishin oga. Zai tsaya daga bakin ƙofa, hannu a baya, ya ce "Ranka ya daɗe", ya ajiye fayil ya fita. Shi ne ya san a teburin wa takardar take kwance tun watan jiya, ya san dalili, amma ya haɗiye. Direba ya san birkin motar nan ya kusa cinyewa, ya taɓa faɗa aka ce masa kuɗin gyara yake so ya ci, daga ranar ya ja bakinsa ya yi shiru. Wannan shirun shi ne ciwon, kuma masu shirun su ne aka bari a waje.

Wani ya rubuto mini cewa kasafin kuɗi ne bai kai ba. Ya kai ga riguna da otal da mai ɗaukar hoto, sai kan masu shara ne ya ƙare? Wata kuma ta ce ai ba sa jin Turanci. To a yi da Hausa mana! A Zariya muke.

Nan garin muke da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama tun 1964. Ku je ku tambayi masu wannan sana'a me ya sa suka ɗauki maganar ƙaramin ma'aikaci da muhimmanci. A watan Maris na 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, jiragen Boeing 747 guda biyu, na kamfanin KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo. Mutum 583 suka rasu. Kyaftin ɗin KLM babba ne, mai horar da sauran matuƙa. Ya fara gudun tashi ba tare da an ba shi izini ba. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya yi tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, shi ke nan ba wanda ya ƙara tankawa. Bayan wannan da wasu haɗurra irinsa ne kamfanonin jirage suka shigo da horo na musamman, inda ake koya wa ƙarami yadda zai ce wa babba "tsaya, akwai kuskure", ake kuma koya wa babba ya saurara. Horon haɗin kai ke nan na gaskiya, kuma babu buhu ko igiya a cikinsa.

Haka a asibiti. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata takardar tantancewa ta ɗakin tiyata. Cikin abin da ta tanada, kafin a sa wuƙa kowa zai faɗi sunansa da aikinsa, tun daga likita har nas. Da aka gwada a asibitoci takwas a ƙasashe daban-daban, har da Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata suka sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.8. Wanda aka ba shi dama ya buɗe baki tun farko, ba zai ji nauyin yin magana ba idan ya ga abu zai lalace. Mu da muke ganin takun saƙa tsakanin ƙungiyar likitoci da JOHESU, gamayyar ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiya, shekara da shekaru, ai mun fi kowa buƙatar wannan darasi.

Kuma wallahi ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Wanda ya taɓa zuwa gayya a ƙauyukan Giwa ko Soba ya sani, mai gona da ɗan maƙwabcinsa kunya ɗaya suke bi, kowa da fartanyarsa, idan an kawo fura ƙwarya ɗaya ake sha. Ba a taɓa cewa wane ya zauna a bakin gona saboda ba shi da muƙami.

Abin da nake roƙon shugabannin ma'aikatu ba ya cin ko sisi. Ranar Litinin da safe a tara kowa, kowa fa, minti goma sha biyar. Kowane mutum ya faɗi abu ɗaya da ke hana shi aikinsa. Oga ya zama na ƙarshen magana, domin idan ya fara, sauran "haka ne, Yallaɓai" kawai za su yi ta cewa. Abin da aka faɗa a rubuta, mako mai zuwa a dawo a ce ga wanda aka gyara. Akawun da ke riƙe kuɗin mai ya bi direba yini guda ya ga yadda ake fama. Sannan babban sharaɗi: duk wanda ya faɗi gaskiya kada a bi shi da takardar tuhuma. Idan aka hukunta mutum ɗaya, an rufe bakin kowa har abada.

Na san za a ce ina zubar wa manya girma. Girman da tambayar masinja za ta zubar, tun asali bai zauna ba.

Sannan ni har yanzu ban gane dalilin kai taron Kaduna ba. Zariya ta rasa ɗakin taro ne? Daga Kongo har Samaru ga su nan birjik. Masu dafa abincinmu na Tudun Wada da Sabon Gari suna zaune ba ciniki, masu hayar kujeru da rumfa haka, amma duk wani ɗan taro sai a ɗauki kuɗin a kai wani gari, a ƙona mai, a jefa mutane kan babbar hanya a dawo da su bayan isha'i. Masu ɗinkin rigunan ma na ji ba 'yan garin nan ba ne.