Wanda ya faɗa kwata ba ɗan wasan talabijin ba ne

Ranar Talatar nan da aka yi ruwa da hantsi, wani dattijo mai tura baron kayan miya ya zo tsallake kwatar bakin layinmu. Katakon da aka gitta tun bara ya ruɓe, yana ɗora taya sai ya karye. Baba ya zurma har ƙugu, tumatir da attaruhu suka bi ruwa. Samarin da ke zaune a rumfar mai cajin waya suka miƙe gaba ɗaya, na ce alhamdu lillahi, da sauran masu imani. Ashe wayoyi suka tashi zarowa. Mai tuyar awara ce ta bar kaskonta a kan wuta ta miƙa masa hannu, wani mai adaidaita sahu ya kama mata. Kafin magariba bidiyon ya zagaye unguwa, an ɗora masa kiɗa, ana ta maimaita daidai wurin da katakon ya karye. Wani har ya rubuta a ƙasa wai abin ya tuna masa wasan Japanawan nan na talabijin.

To ƙannena, wasan da yake nufi na san shi, kuma na san wanda ya girme shi. Ku zauna ku ji.

Mu da muka tashi lokacin da NTA ba ta buɗe tasha sai ƙarfe huɗu na yamma, Telematch muka fara sani. Shirin Jamus ta Yamma ne na shekarun 1970, gari da gari ke karawa. A sa wa manyan mutane riguna masu ƙaton kai da ƙaton takalmi, a ce su ɗauki ruwa a bokiti su bi ta kan abin da ke juyawa ko mai santsi. Talabijin ɗaya ce a layi, baƙi da fari, sai ka wanke ƙafa kafin matar gidan ta bar ka ka zauna a tabarma, kana addu'ar kada a ɗauke wuta. Mun yi dariya har da hawaye, ban musa ba. Daga baya da tauraron ɗan'adam ya shigo muka ga Takeshi's Castle, wanda tashar TBS ta Japan ta nuna daga 1986 zuwa 1990. Mutum ya bi ta kan duwatsun da aka jera a tafki, wasu na gaske wasu da ka taka su nutse. Ko ya sheƙo a guje ya daki ƙofa, bai sani ba ta takarda ce ko ta katako. 'Yan'uwanmu masu kallon tashoshin Faransa kuma su ba ka labarin Fort Boyard, tsohuwar ganuwar nan da ke tsakiyar teku, da damisoshinta da tsohon da ke yi wa mutane kacici-kacici.

Amma don Allah wa ya tura mutanen nan? Da ƙafarsu suka je, suka rubuta suna, aka sa musu hular kwano, ga ma'aikata a gefe suna jiran su tsamo wanda ya faɗa ruwa. A Takeshi ma yen miliyan ɗaya, kuɗin Japan, ke jiran wanda ya ci. Mutum ya faɗi, ya fito jage-jage da taɓo yana dariyar kansa, ya ɗaga wa kyamara hannu. Da shi ake dariyar. Shi kuwa wanda kuke ɗauka a titi, wa ya tambaye shi? Wace kyauta ke jiransa? Jarinsa ne ya bi kwata, kuma gobe jikokinsa za su shiga makaranta a nuna musu kakansu a waya.

Ba dattijon nan kaɗai ba, abin ya zama ɗabi'a. Mai babur ya zame a kwana, waya. Mace ta taka zaninta ta faɗi a kasuwa, waya. Mai farfaɗiya ciwonsa ya tashi a sahun Juma'a, waya. Mota ta kife, mutane na salati a ciki, sai ka ga an kewaye ta kowa ya ɗaga hannu sama yana neman inda hoton zai fi fita. Hannun da zai ja ƙofa shi ke riƙe da waya. Wai kai ɗan jarida. Wace jarida? Neman masu danna maka alamar so ne kawai a TikTok, kuma ko kuɗin datar da ka ƙona ba za su mayar maka ba.

Ku duba Sasuke, wani wasan talabijin na Japan wanda duniya ta fi sani da Ninja Warrior. An fara shi a 1997, mutum ɗari ke shiga kowace gasa, matakai huɗu ne. Daga farawa har 2006 mutum biyu rak suka tsallake dukkan matakan: Kazuhiko Akiyama a 1999, sai Makoto Nagano, masunci, a 2006. Ka ga ke nan kusan kowa faɗuwa yake yi. Amma in mutum ya faɗa ruwa tafi ake masa, abokan karawarsa na gefe suna riƙe kai don takaici, wani har kuka yake saboda faɗuwar ɗan'uwansa. Mutanen da ba sa karanta Hujurati ke nan. Mu da muka haddace aya ta 11, inda Allah Ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili domin ta yiwu waɗanda ake yi wa sun fi su alheri, mu ne gwanayen ɗora wa faɗuwar tsoho kiɗa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Ku kuwa da za ku iya, ƙara sassauta katakon za ku yi don ku sami na ɗauka gobe.

Kwatar ma wa ya cika ta? Ku ne dai. Ledar ruwa, robar lemo, ɓawon rake, duk a ciki, sannan damina ta zo a ce gwamnati. Zaman majalisar nan daga hantsi zuwa isha'i, ana lissafin cacar ƙwallo a waya, ƙarti majiya ƙarfi, amma a rasa wanda zai ɗauki shebur. Wannan maganar wata rana ce.

Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba su ce ka ɗauke shi a hoto ba. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Kana da uwa, tana zuwa kasuwa, tana tsallake kwata. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, alhaki kuma kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ranar da ka buɗe waya ka ga gyatumarka ce a ƙasa an sa mata kiɗa, ina so in ga ko dariyar za ta fito.

Ni ba na cewa a daina dariya, ba na kuma cewa a jefar da waya. A ji tsoron Allah kawai, a san inda ya dace. In an turo maka irin wannan, kada ka tura gaba. Iyaye su sa ido.

Da, in aka tashi daga kallon Telematch, fita muke mu haɗa namu a fili. Tsofaffin tayoyi, turmin da aka kifa, bulo, igiyar guga. Mu raba layi biyu mu kara, daga nan a zarce da langa har a kira sallah. Gwiwoyinmu duk tabo ne har yau. In yaro ya faɗi ya fasa baki wasa ya tsaya ke nan, a goya shi a kai gida, kowa na zare ido don ya san bulala na jiransa. In kuwa babba ne ya yi tuntuɓe ka kuskura ka yi dariya, duk dattijon da ke kusa zai iya kwaɗe ka, ka je gida ka faɗa a ƙara maka. "Sannu Baba" ake cewa, a ɗauko masa hularsa a kaɗe, a kawar da kai kamar ba a gani ba. Yanzu filin an yanka shi filoti-filoti, yaran ba su san langa ba, ɗan shekara biyar in ƙaninsa ya faɗi cewa yake a kawo waya. Dattawan da za su tsawatar kuma, wasu a cikinsu su ne ke turo bidiyon a zauren WhatsApp na dangi, har da fuskar nan mai dariya da hawaye. Na rasa wanda zan kai wa ƙara.