Macbeth: Kisan farko ne kaɗai ya yi don sarauta

Masu nazarin wasan kwaikwayon Macbeth, wanda William Shakespeare ya rubuta wajajen 1606, sukan ɗora laifin kashe-kashen da Macbeth ya yi a kan wasu matsafa mata uku da suka yi masa duba. Ban yarda ba. Abin da suka gaya masa da farko shi ne zai zama hakimin Cawdor, daga baya ya zama sarkin Scotland. Ba su ce ya ɗauki wuƙa ba. Abokin yaƙinsa Banquo yana wurin, shi ma an yi masa albishir cewa zuriyarsa za ta gaji sarauta, kuma bai taɓa kowa ba.

A duba yadda kisan ke sauya kama. Na Sarki Duncan kwaɗayin gadon mulki ne zalla. Sarki ya sauka baƙo a gidansa, uwargida ta bugar da dogarai biyu da giya mai magani, Macbeth ya shiga da tsakar dare. Ya fito a ruɗe da wuƙaƙen a hannu, alhali shirin shi ne a bar su kusa da dogaran don a ce su ne. Sai da matar ta mayar da su, ta shafa wa masu barcin jini. Gari na wayewa ya kashe dogaran kafin su buɗe baki.

Daga nan tsoro ne ke jan akalarsa. Ba shi da magaji, don haka ya ɗauko 'yan ina-da-kisa ya tura wa Banquo da ɗansa Fleance, ko shawarar matarsa bai nema ba. Uban ya mutu, yaron ya tsere, aikin ya tashi a banza. Kisan matar wani hakimi, Macduff, da 'ya'yansa ya fi muni, don Macduff ya riga ya gudu Ingila. Macbeth bai ƙaru da komai ba, illa ya samar wa kansa mutumin da zai sare masa kai a fadarsa ta Dunsinane.

Tarihi kuwa bai tsananta wa Macbeth haka ba. Na gaskiyar a fagen daga ya kawar da Duncan a 1040, ya mulki ƙasar har 1057. Amma Shakespeare ya yi rubutunsa ne a zamanin Sarki James na Ɗaya na Ingila, wanda ake danganta asalinsa da Banquo, shi ya sa ya wanke Banquo tas daga makircin.