Ku daina ɗora wa mangwaro laifin sauro

Har yanzu raina a ɓace yake kan abin da aka yi wa yarinyar nan jiya a ƙofar gidan mai unguwa. Waɗanda suke wurin sun gani. Baiwar Allah ta baro gidanta da rana tsaka, cikin wannan zafin Garwa da ke haura digiri 40, ta tara mata tana nuna musu yadda ake murje nunannen mangwaro a ba yaron da aka fara koya wa abinci. Sai wani dattijo ya katse ta, wai "'Yata, bar zancen nan, mangwaro zazzaɓi yake sa wa yara." Aka kwashe da dariya. Mata biyu suka naɗe tabarmarsu suka tafi. Ita kuma don girmama furfura ta ce, "To Baba, Allah ya huci zuciyarka," ta yi shiru.

Ni ba zan yi shiru ba. Baba, da girmanka da komai, mangwaro ba ya kawo zazzaɓi. Sauro ne yake kawo shi. Mangwaro yana cika kasuwa daga Maris zuwa Mayu, zazzaɓin cizon sauro kuwa sai damina ta zauna yake kwantar mana da yara. Tun 2016 ake bin gida-gida a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓi. A wane lokaci? A watannin ruwa, lokacin da ko ƙwallon mangwaro ya yi wuyar gani a titi. Da shi ne mai laifin, ai da a bazara za a riƙa rabon.

Na san za a ce, "Ai ɗana ya sha mangwaro ya yi gudawa." Na yarda ya yi. Wanda ya faɗo ƙasa ƙuda ya gama da shi ya tsinta, da hannun da ya yi wasan ƙasa, ba wanki ba komai. Wannan ƙazanta ce. Ruwa da sabulu ne maganinta, kuma abin da yarinyar take ƙoƙarin faɗa ke nan kafin a rufe mata baki.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, wanda yake hana yaro mangwaro shi ne zai ba shi dala ashirin ya ruga shago ya sayo lemun leda mai rina harshe da alawa. Wannan ba ya tsorata mu, saboda a leda yake, ya yi kama da abin masu kuɗi. Kurna da magarya da kanya da ɗinya kuwa sun zama abincin 'ya'yan ƙauye. Yaro ɗan shekara huɗu haƙoransa sun yi baƙi, ya cika ciki da ruwan sukari ya ƙi tuwo, sai a ce mayu ne ko haƙori yake fitarwa.

Duk wata shida muna jera layi a ɗiga wa yaranmu bitamin A a baki, kuma daidai ne, a ci gaba da kai su. Amma abin da jiki yake sarrafawa ya zama bitamin A ɗin yana nan cikin jan mangwaro da gwanda, shi yake kare ido daga dundumi, ya taimaki jiki yaƙar cuta. Gwaiba da garin ƙwallon kuka cike suke da bitamin C. Allah bai bar mu da wata guda babu abin tsinka ba: mangwaro a bazara, gwaiba a bayan damina, magarya da tsamiya a hunturu, ga goriba, ga kankana. Kafin wata shida, nono zalla, ko ruwa ba a ba jariri. Bayan nan a wanke, a ɓare, a murje, a cire ƙwallo kada ya shaƙe. Iyakar karatun ke nan. Ba sai igiyar awon dantse ta nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, sannan mu fara kuka a layin asibiti muna jiran Plumpy'Nut, abincin gyaɗa na leda da ake ba yara masu tamowa, ba.

Masu cewa babu kuɗi, tulin mangwaro a wannan watan bai kai kuɗin biskit ɗin da kuke saya kullum ba. Ku bar wannan zance.

'Yar'uwa, idan wannan rubutu ya iso gare ki, don Allah ki dawo. Ni zan shimfiɗa tabarma a gidanmu, zan kuma je da kaina in gaida Baba in roƙe shi ya zo ya zauna.

Af, bishiyar mangwaron da ke gidan kakata, wadda duk yaran layinmu muka girma a gindinta, bara aka sare ta don a gina shaguna uku. Har yau ban iya bin hanyar. Wanda ya san inda ake sayar da dashen mangwaro mai aure a nan Garwa ko wajen Pitowa ya sanar da ni, ina son guda biyu kafin ruwan farko ya sauka.