Idan ɗan wasa ya kai ƙarar kocinsa

A watan Janairun 2019, Pat Chambers, kocin ƙwallon kwando na jami'ar Penn State a Amurka, ya ce wa ɗan wasansa Rasir Bolton, wanda baƙar fata ne, yana so ya sassauta masa igiyar zargen da ke wuyansa. Daga baya kocin ya ce nufinsa shi ne ya rage wa yaron matsin da yake ciki, ya kuma nemi afuwa. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma a ƙasar da ƙungiyar Equal Justice Initiative ta tattara bayanan baƙaƙen fata fiye da 4,400 da gungun fararen fata suka kashe ba tare da shari'a ba tsakanin 1877 da 1950, da yawansu ta hanyar rataya a bainar jama'a, babu yadda za a yi matashi baƙar fata ya ji wannan magana daga bakin mai iko da shi, ya ɗauke ta a matsayin lallashi.

Duk lokacin da irin wannan zargi ya taso, sai muhawara ta koma kan zuciyar kocin. Tsofaffin ɗalibansa su fito su shaida cewa mutumin kirki ne, wasu kuma su nemi a kore shi nan take. A ganina wannan ɓata lokaci ne, domin babu hukumar makarantar da za ta iya buɗe ƙirjin mutum ta ga niyyarsa. Abin da take iya tantancewa shi ne abin da aka faɗa, wanda aka faɗa wa, da kuma yadda aka karɓi ɗan wasan lokacin da ya zo da kukansa.

A nan ne labarin Bolton ya fi ci mini rai. Ya ce ya kai ƙara ga jami'an makarantar, iyayensa ma sun yi magana, amma sai aka haɗa shi da masanin halayyar ɗan Adam domin ya koya masa yadda zai zauna da halin kocin, kamar shi ne ke da matsalar. Ya bar jami'ar ya koma Iowa State, kuma sai da ya fito ya bayyana wa duniya abin da ya faru a watan Yulin 2020 sannan aka buɗe bincike, wanda ya kai ga murabus ɗin Chambers a watan Oktoba na wannan shekarar.

Koci ba abokin wasa ba ne. Shi ne yake yanke wanda zai shiga fili da wanda zai zauna a benci, kuma sau da yawa tallafin karatun yaro yana rataye da ra'ayinsa, musamman a makarantun sakandare inda ɗalibi ke fatan wata jami'a ta gan shi. Yaron da ya buɗe baki ya san abin da zai iya rasawa, shi ya sa da yawa suke haɗiye maganar su yi shiru.

Wannan ba ya nufin a yanke wa koci hukunci kafin a ji ta bakinsa, kuma ba kowane kuskuren harshe ne ya cancanci kora ba. A 2021 jami'ar Creighton ta dakatar da kocinta Greg McDermott na 'yan kwanaki bayan ya yi wa 'yan wasansa misali da gandun bayi. Ya amsa laifinsa a fili, ya koma aiki. Dokar kare haƙƙin farar hula ta 1964 ta haramta wariyar launin fata a duk makarantar Amurka da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, don haka sauraron ƙorafin ɗalibi wajibi ne a kanta. Ya kamata wanda zai karɓi ƙorafin ya kasance ba ya ƙarƙashin sashen wasanni, a rubuta abin da kowa ya faɗa tun a makon farko, a kuma tabbatar cewa ɗan wasan bai rasa gurbinsa a ƙungiya ba saboda ya yi magana.