Tsohon magani na bukatar mai yi wa jama'a bayani

A watan Maris na 2020 Donald Trump ya yabi kulorokwin a matsayin maganin korona. Kafin ka ce kwabo mutane sun cika kemis, har hukumomin lafiya a Legas suka sanar da kwantar da waɗanda suka sha ya wuce kima. Ban ga laifinsu sosai ba. Maganin da muka tashi muna haɗiya saboda zazzaɓin cizon sauro, mun san ɗacinsa, mun san ƙaiƙayinsa, wa zai ji tsoronsa?

A watan Yuni binciken RECOVERY na Jami'ar Oxford ya nuna cewa hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin, ba ya rage mutuwar majinyata a asibiti. Wanda ya yi rana shi ne dexamethasone, tsohon magani mai araha. Ya rage mace-mace da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da ɗaya cikin biyar ga masu shaƙar oksijin. Wanda ciwonsa bai kai nan ba, bai amfana ba, domin maganin ba ya kashe ƙwayar cutar; kumburin da garkuwar jiki ke tayarwa a huhu yake kwantarwa.

To, yaya za ka faɗi wannan a rediyo ga mutanen da suka san dexamethasone cikin magungunan sha-ka-fashe, ba tare da sun ruga sun saya ba? Likita ya gama nasa. Saura aikin wanda ya san harshe, ya san tarihin mutanensa.

Shi ya sa nake jin zafi idan yaro ya ce zai yi digiri na biyu a Hausa ko tarihi, a ce masa "me za ka ci da shi?" A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna har zuwa 2004, alhali allurar tana nan, yarda ce ta ƙare. Wanda ya karanci abin da gwajin Trovan, maganin da kamfanin Pfizer ya gwada kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, ya bari a zukatan mutane ba zai kira wannan jahilci kawai ba. Haka a annobar Ebola ta 2014, sai da aka zauna da limamai da masana al'adu aka tsara jana'izar da dangi za su amince da ita.

Ina so kowane kwamitin annoba da gwamnati za ta kafa ya ware wa masana harshe da tarihi kujera tun ranar farko, da albashi, kafin jita-jita ta riga su shiga WhatsApp.