Ɗan Wa Ake Wa Uzuri, Ɗan Wa Ake Kullewa?

A 2014 ma'aikatar ilimi ta Amurka ta fitar da alƙaluman da har yau ke ci mini rai. Yara baƙar fata su ne kashi 18 cikin ɗari na 'yan ajin raino a makarantun gwamnati, amma cikin waɗanda aka dakatar fiye da sau ɗaya, su ne kashi 48. 'Yan shekara uku da huɗu fa! A 2016 kuma masu bincike a jami'ar Yale suka nuna wa malamai bidiyon yara huɗu, suka ce su lura da wanda zai yi rashin ji. Babu yaron da ya yi komai a ciki, amma na'urar bin ƙwayar ido ta nuna malaman sun fi zuba wa yaro namiji baƙar fata ido.

Na san wani zai ce ina ruwanmu, ai nan duk launinmu ɗaya. To 'yan uwa, a Legas aljihun uba da harshen uwa ne ke yin aikin da launin fata ke yi a can.

Ɗauki yaron da ya tashi a Agege ko Idi-Araba, Hausa kawai ake yi a gidansu. An kai shi aji, malama na Turanci tana haɗawa da Yarbanci, ga yara cike maƙil. Ta yi tambaya, ya yi shiru don bai gane ba. Nan take sunansa ya zama mai taurin kai. Ɗan mai hali a Lekki in ya yi irin wannan shirun, waya za a yi wa iyayensa a zauna a binciki abin da ke damunsa. Gwamnatin jihar ta hana bulala a makarantunta tun 2022, kuma na yaba, sai dai yaron da kullum ake nunawa da yatsa ba ya buƙatar takardar kora. Da kansa zai daina zuwa. Sai ka gan shi yana dako a kasuwar Mile 12, ko yana talla a cikin cunkoson motoci, ko ya bi 'yan jari bola.

A nan ne hukuma ke tuna da shi. Dokar hana talla a titi ta tanadi tarar naira 90,000 ko wata shida a gidan yari. Mai kuɗi ya biya ya koma gida kafin magariba. Mai tallan ruwan leda fa, daga ina?

Abin takaicin, doka tana nan a rubuce. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 da ta jihar Legas ta 2007 duk sun ce wanda bai kai 18 ba yaro ne, kotun iyali ce ke sauraron shari'arsa, kuma ba a haɗa shi da manya a tsare. Amma a watan Agustan 2017 babbar alƙaliyar jihar ta lokacin, Mai shari'a Oluwafunmilayo Atilade, ta saki ƙananan yara 80 daga gidan yarin Badagry. Ta yaya suka shiga tun farko? Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara wa yaro shekaru a takardar tuhuma. Ɗan shekara 15 ya zama 19, ba lauya, ba tafinta, sai gidan yarin Kirikiri ko na Ikoyi, wanda aka gina don mutum 800 amma ake cusa dubbai. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a kawai suke yi.

Mu ma da namu laifin, kada mu yi ta ɗora wa wasu. Muna yanka ragon suna, a yi dafe-dafe, amma mutum nawa ne ke zuwa hukumar ƙidaya karɓo takardar haihuwa? Ranar da aka kama yaro, rantsuwar uba cewa ɗansa bai kai 18 ba ba lallai ne ta shiga kunnen kotu ba. Takardar ce hujja. Sarakunan Hausawan Legas da limamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya, ina roƙo ku sa wannan a huɗuba, ku kuma nemo mana ko da lauyoyi biyu masu jin Hausa da za a riƙa kira da zarar an wuce da yaro ofishin 'yan sanda, tun kafin a rubuta masa shekarun da ba nasa ba.